Gishiri Ba Ya Hana Rini Zuba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikata, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni mai rini ce. A tsakar gidanmu nake yi, a nan Unguwar Sanusi cikin Kaduna, yau shekara tara ke nan, kuma da wannan sana'a nake tallafa wa maigida wajen kuɗin makarantar yara. Maganar zubar rini ce ta kawo ni: a rina shadda ko yadi a gida, ya fito gwanin ban sha'awa, amma ran da ya gamu da ruwa ko gumi sai ya kama tsiyayar da launi, yana ɓata duk abin da ya taɓa.

Makon jiya na shiga kasuwa sayen kostik soda, sai na tarar da wata yarinya, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba, ta ciro wani koren yadi daga leda tana tambayar yadda za ta yi ya daina zuba. Mutum uku suka ba ta amsa, duk bakinsu ɗaya: ta jiƙa shi a ruwan gishiri ya kwana. Wani ya ƙara da cewa ta ɗiga ruwan khal. Ta yi godiya ta juya. Na bi ta har bakin titi, muka raɓe a inuwar wani shago, na yi mata bayani iya abin da lokaci ya ba mu. Da na dawo gida abin ya tsaya mini a rai, domin na san irinta suna da yawa a Rigasa da Tudun Wada da Badarawa da Kawo, 'yan mata da zawarawa da aka koya wa haɗa launi cikin kwana uku, aka miƙa musu takardar shaida da bokiti aka ce su je su nemi na kansu. Jiƙa tufa a gishiri bayan an gama rini ihu ne bayan hari. Ni kuwa sai da na sha wuya na san haka.

Shekara huɗu da suka wuce, a tsakiyar damina, aka sa bikin 'yar yayata a Rigasa. Aka ba ni rinin anko, shadda yadi biyar-biyar ta mata ashirin da biyu, kalar ruwan hanta. Kuɗin bai gama haɗuwa da wuri ba, sai da ya rage kwana shida shaddar ta zo hannuna, ga tela yana jira. Ina da ragowar hodar haidiro, wato sinadarin da ke sa rini ya narke ya shiga zare, tun ta aikin Sallah, cikin gwangwanin da murfinsa bai rufu sosai ba, a kan tagar ɗakin ajiya. Na buɗe na ga ta dunƙule kamar kanwa. Na sa dutse na daka ta. Gawayi ya sha lema, wuta ta ƙi kamawa yadda ya kamata, ruwan bai wuce ɗumi ba. Don ina son launin ya yi duhu ya burge dangin ango, na ninka garin rinin. Tsomi ɗaya na yi wa kowace shadda, ɗauraya ɗaya, na sa sitati na aika wa mabuga. Da suka dawo da ita, wallahi Malam Edita, ƙyallinta kamar ka ga fuskarka a ciki. Har cikin raina na yi murna.

Ranar yini aka tashi da zafin nan mai maƙo da ke zuwa kafin hadari. Mata suna ta rawa a ƙarƙashin rumfa. Tun kafin la'asar na fara ganin ja a wuyan wata ƙanwar mijin yaya, na ɗauka jan baki ne ya shafe ta. Can sai ga shi a tafin hannun wata, ga shi a bayan fararen kujerun roba. Wata ta sauke goyo, farar rigar jaririyar ta koma kamar an tsoma ta a zoɓo. Ana cikin haka ruwa ya kece, kowa ta ruga neman mafaka, aka cunkushe a falo ɗaya, jiƙaƙƙiyar shadda tana gugar leshi da atamfar mutane. Uwar ango ta rungume yayata tana yi mata barka, da ta sake ta sai ga shatin kafaɗar yaya kwance a jikin farin mayafinta. Ba wadda ta zage ni. Da an zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Yaya ta dube ni kawai ta ce, "Ba komai ƙanwata, Allah Ya rufa asiri." Amma cikin matan nan ashirin da biyu akwai waɗanda har yau ba su sake kawo mini ko ɗankwali ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Washegari na bi gida-gida na karɓo kayan, na jiƙa su a gishiri kamar yadda kowa ya ce. Rabin buhu na ƙarar. Na ɗauraye, ruwan ya fito ja. Na sake, ya sake fitowa ja. A rana ta uku na ɗauki zane ɗaya da gwangwanin haidiron na tafi Tudun Wada wurin mahaifina.

Mahaifina ya yi shekara ashirin da shida a sashen rini na ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Yaran yanzu ba su san yadda Kakuri take a da ba, lokacin da jiniya ke kaɗawa a ga kekuna sun cika titi. Tun 1957, zamanin Sardauna, masaƙar Kaduna Textiles, wato KTL, ta fara aiki, daga baya su Arewa Textiles da UNTL suka biyo, har Kaduna ta zama cibiyar saƙa a ƙasar nan. Ni kuwa rinina a wurin wata maƙwabciya na koya, ban taɓa zama na tambayi Baba ba, don a ganina aikin inji daban, na baho daban. Ran nan ya karɓi zanen, ya zare zare ɗaya daga bakinsa, ya warware murɗinsa da farce, ya ɗaga shi a hasken ƙofa ya ce, "Uwata, zo ki gani." Bayan zaren ja ne, cikinsa fari fat. Ya buɗe gwangwanin, ya shinshina daga nesa, ya murza ɗan garin a yatsa, ya ce, "Wannan ta mutu tun tuni. Ba ki yi rini ba, fenti kika shafa wa mutane."

Ga bayanin da ya yi mini, kuma shi nake so 'yan uwana masu rini su riƙe. Wannan rini da muke haɗawa da kostik soda da haidiro, a masaƙa bat suke ce masa. Garinsa ba ya narkewa a ruwa, kamar dai garin gawayi. Soda da haidiro ne ke juya shi ya narke har ya iya ratsa cikin auduga. In an ciro tufar aka baza ta iska ta buge ta, sai rinin ya koma halinsa na farko, wanda ba ya narkewa, amma yanzu yana can cikin zare a kulle, ba shi da hanyar fita. Shi ya sa in an yi shi daidai babu rinin auduga da ya kai shi jure wanki da rana. Matsalar ita ce haidiro ba ta shiri da iska da lema. In ta dunƙule, ƙarfinta ya tafi ko ya ragu ƙwarai. Tawa ta mutu, ruwana bai yi zafi ba, ga gari na ninka, don haka yawancin rinin bai narke ba, ya kwanta ne kawai a bayan zare, sitati ya manne shi, mabuga suka daɓe shi. Gumi da ruwan sama suna jiƙa sitatin, sai ya saki abin da ya riƙe. Ina gishiri zai shiga a nan?

Baba ya sa na sayo sabuwar haidiro, mai gari warwas. Muka haɗa ruwan soda da haidiro zalla, ba rini ko kaɗan, da zafin digiri 50 zuwa 60, wato zafin da za ki ji ta cikin safar roba amma bai kai tafasa ba. Muka riƙa mayar da kayan a ciki ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya yi kamar minti ashirin a nutse ana juya shi a hankali. Rinin da ke kwance a bayan zare ya narke ya shige ciki. Muka baza su a inuwa launin ya dawo, muka ɗauraye, sannan ya ce in ɗora babbar tukunya in tafasa su da sabulu, minti goma sha biyar. Na ce, "Baba, ai launin zai tafi." Ya ce, "Wanda zai tafi dama ba naki ba ne. Gara ya tafi a tukunyarki da ya tafi a jikin mai kaya." Launin ya ɗan yi haske a kan na da, amma zanen yaya yana nan har yau, an wanke shi ya fi a ƙirga, ko ɗigo ba ya fitarwa. Mayafin uwar ango dai inuwar jan ba ta fita duka ba, sai sabo na saya mata.

Tun daga nan ba na tsoma tufa sai na ga alama a baho. Rinin bat in ya nuna, launin ruwan yakan sauya daga na garin da aka zuba, kuma za ki ga wani ƙyalli ya kwanta a samansa kamar an ɗiga mai. Haidiro ita nake sa wa a ƙarshe, in rufe bahon in ba shi minti goma. Ba na kaɗa ruwan har ya yi kumfa, domin kowace kumfa iska ce, iska kuwa ita ke cinye haidiro. In ina son duhu ba na ninka gari, tsomi nake ninkawa: in tsoma, in ciro in ba iska, in sake tsomawa, sau uku ko huɗu.

Wannan kuwa ba sabon ilimi ba ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda tarihi ke kai asalinta ga 1498, ya ga yadda marini ke zaune a bakin karofi yana tsoma tufa yana ɗagawa, yana tsomawa yana ɗagawa, ba gaggawa. Tufar takan fito da kore-kore, tana shan iska tana komawa shuɗi a gaban idonka. Su da ganyen baba da toka da katsi suke haɗawa, su bar shi kwana da kwanaki ya ruɓa ya nuna. Aikin da ruɓar nan ke yi shi haidiro ke yi mana cikin minti goma, tokar kuma ita ce a matsayin soda. Turawan Jamus sai a 1897 suka fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, a 1901 kuma suka samo na farko cikin sauran rinin bat da muke saye a kasuwa yanzu. Dabarar ɗaya ce, mu dai muka ɗauki saurin muka yar da haƙurin. Wani zai ce ai rawani ɗan Kura ma yana shafa shuni a goshi. Gaskiya ne, amma wannan da gangan ake yi. Bayan an gama rini ake ƙara masa garin shuni a buge shi har ya yi walƙiya, Buzaye kuma so suke ya rina musu fata, ado ne a wurinsu. Mai sayen ɗan Kura ya san abin da ya saya. Mai sayen shaddar anko ba ta yi ciniki da ke a kan haka ba.

To daga ina maganar gishiri ta samo asali? Akwai inda yake da aiki, kuma babba. Akwai wani rini da su Baba ke kira riyaktif, wanda aka fara sayarwa a Ingila a 1956, shi ne mai launuka masu haske da ke kyau a ɗaure-ɗauren kamfala da rigunan yara. Shi yana narkewa a ruwa, ba ya buƙatar haidiro, in ma kin sa masa ita yawanci kashe launin take yi. Ƙulla zumunci yake yi da audugar kanta su zama abu guda. Gishiri a wurinsa ɗan rakiya ne, shi ke tura rinin daga cikin ruwa zuwa jikin tufa. Amma mai ɗaura auren ita ce soda ash, irin wadda masu haɗa sabulun ruwa ke saya. In ba ta halarta ba, ko buhun gishiri kika juye an taru ne kawai an watse. Yadda nake yi, in na auna tufa ta kai kilo 1, nakan sa ruwa mai ɗumi lita 20 da gishiri kilo 1, in narkar da rinin daban in tace shi in zuba, in yi ta juya tufar minti ashirin. Sannan in narkar da soda ash giram 300, in zuba ta kashi uku da ɗan tazara, in ci gaba da juyawa har awa ɗaya. Launi mai duhu yana son ƙarin gishiri da ƙarin lokaci. Lokacin hunturu sai an kula ƙwarai, domin in ruwa ya yi sanyi auren ba ya ɗauruwa da wuri. Kuma da zarar soda ta shiga, ruwan rinin nan na ranar ne kaɗai, kada ki ajiye shi ki ce gobe za ki ƙara tsoma wani abu. Wasu kan sa kanwa a madadin soda ash. 'Yar uwarta ce, amma ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga dunƙule zuwa dunƙule, ga ƙasa a ciki, ni ba na yarda in jingina kayan mutane a kanta.

Ko an yi komai daidai, wani kaso na riyaktif da ruwa yake ƙulla zumuncinsa maimakon auduga, ya maƙale a tufar ba tare da ya kama ba. Wannan shi ne ke zuba, kuma maganinsa ɗaya ne tak, wanki. A fara ɗauraya da ruwan sanyi har gishiri da soda su fita, sannan a koma ruwan zafi sosai da garin sabulu, a bar tufar ta jiƙa a ciki, a zubar, a sake. Baƙi da ja da shuɗi mai duhu sukan ci ruwan zafi uku ko huɗu kafin ruwa ya fito garau. In kamfala ce mai farin wuri, kada a bar ta a dunƙule tana jiƙe, launin zai bi ya ɓata farin.

Rini na uku shi ne wanda aka sayar wa yarinyar nan ta kasuwa, ƙullin leda mai araha, wanda ake cewa ki tafasa da gishiri kawai. Dairek sunansa. Shi ba ya shiga ya kulle kamar bat, ba ya ɗaura aure kamar riyaktif, jingina kawai yake yi da zare. Duk wankin da aka yi sai ya saki kaɗan, har tufar ta koɗe. Akwai wani ruwa da ake kira fiksa da ake jiƙa irin wannan tufa a ciki bayan an wanke ta, yana riƙe shi ƙwarai, amma ba kowane shago ke da shi ba, kuma yakan sa launin ya fi saurin koɗewa a rana. Shawarata ga mai rini don sayarwa ita ce ta bar dairek gaba ɗaya, araha ba ta ado. Tunda yawancin ƙullin da ake sayar mana ba suna a jikinsu, ki tambayi mai shago da me ake haɗa shi. In ya ce soda da haidiro, bat ne. In ya ce soda ash, riyaktif ne. In ya ce gishiri da tafasa kawai, kin san abin da ke hannunki. In kuwa ya ce duk ɗaya ne, ki ƙara gaba.

Ruwan khal kuma na ulu ne da siliki da nailan, su rininsu tsami yake so, kuma a lokacin rinin ake sa shi. A jikin auduga abin da yake yi bai wuce kashe ragowar soda a ɗaurayar ƙarshe ba.

Akwai zubar da tun a wurin sayen yadi ake ɗauko ta. Yanzu kasuwa ta cika da shadda mai haɗin roba, ido ba ya rabewa. Zaren roba ba ya karɓar ko ɗaya cikin rinin nan uku, nasa daban ne, a masaƙa sai an kai shi zafin digiri 130 cikin rufaffiyar tukunya. Mai rini takan ga launi ya ƙi kamawa, sai ta yi ta ƙara gari, duk abin da ta ƙara kuwa a wanki zai fita. Ni duk yadin da aka kawo mini sai na yanki ɗan bakinsa na kai shi ga ashana a gaban mai shi. Auduga takan ci da wuta da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Roba takan narke ta dunƙule ta bar baƙin ƙullutu mai tauri. In na ga ƙullutu nakan faɗi gaskiya tun kafin in karɓi kuɗi. Ita ma audugar zalla, in sabuwa ce, tana zuwa da sitati da maiƙon masaƙa. Ki ɗiga mata ruwa ki gani: in ɗigon ya tsaya yana ƙyalli bai nutse ba, rini ma haka zai tsaya. Sai an wanke ta da ruwan zafi da sabulu da ɗan soda ash tukuna. Ruwan wasu rijiyoyi ma yana da nauyi, ba ya kumfa, yana dusashe launi. Shi ya sa da damina nake tarar ruwan sama a duro. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Na san abin da 'yan uwana za su ce, domin ni ma na faɗe shi: wankin nan kuɗi ne. Ruwa sai an saya wurin 'yan garuwa, gawayi kullum ƙara tsada yake, ga mai kaya tana son duhu da ƙyalli da sauƙin farashi, kuma gobe-gobe. Wadda ta tsoma ta shanya ta sa sitati za ta riga ki kai kaya, nata kuma zai fi naki ɗaukar ido a ranar farko. Duk gaskiya ne. Aikin da a da nake yi da kurar ruwa ɗaya yanzu biyu yake ci, kuma na ƙara kuɗin aikina, na yi asarar wasu masu neman araha. Amma waɗanda suka tsaya su ke kawo mini ƙawayensu. Kafin in sa wa kowace tufa sitati nakan jiƙa gefenta, in sa ta tsakanin farin ƙyalle biyu, in danna dutsen guga mai zafi har ta bushe. In ƙyallen ya fito fari, ta wuce. In ya ɗauki ko inuwar launi ce, ta koma tukunya. Nakan yi gwajin nan a gaban mai kaya, in ba ta ƙyallen ta tafi da shi. Masu saye ma suna da haƙƙin su jiƙa farin hankici su goga a jikin rini kafin su biya. In an kai gida kuma a wanke shi shi kaɗai a karon farko, kada a bar shi ya kwana a ruwa, kada bilic ya kusance shi, a juya cikinsa a shanya a inuwa.

Ba zan rufe ba sai na yi maganar soda, domin ta fi zuba haɗari. Kostik soda ita ake zubawa cikin ruwan sanyi a hankali, ba a zuba mata ruwa a kai, tana iya tafasowa ta fantsama a ido. Ba a haɗa ta a tukunyar alminiyam irin ta Panteka, cinye ta take yi, sai bahon roba mai kauri. Safar hannu da takunkumi dole ne, kuma a fili ake aikin, ba cikin ɗaki ba, saboda warin haidiro yana kama ƙirji. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ruwan soda kamanninsa ɗaya da ruwan sha. Don Allah kada wata ta zuba shi a gorar ruwa ko kofi ta ajiye inda yaro zai kai hannu. In tsautsayi ya sa yaro ya sha, kada a sa shi amai, a garzaya da shi asibiti. Ruwan rinin da aka gama da shi kuma kada a sake shi a kwatar da yara ke wasa awaki ke sha. Ni rami na sa aka haƙa mini a can ƙarshen gida, nesa da rijiya.

Roƙona ga masu shirya koyar da sana'a, na gwamnati da na ƙungiyoyi da na 'yan siyasa, shi ne su ƙara ko da kwana biyu ne a kan wanke yadi kafin rini da wanke shi bayan rini, su kuma sa sikeli a cikin kayan da suke rabawa. A garin nan muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, duk ana koyar da ilimin saƙa da rini a cikinsu. Me zai hana a rubuta mana 'yar takarda da Hausa, shafi huɗu kacal, a riƙa ba duk wadda ta sayi rini? 'Yan kasuwa kuma su taimaka su rubuta sunan irin rinin a jikin kowane ƙulli, ko da biro ne.

Sannan ga tsofaffin ma'aikatan Kakuri. Tun da masaƙu suka durƙushe a shekarun 2000 suke zaune a ƙofar gida, wasu gadi suke yi, wasu sun kwanta dama. Mutanen nan sun san rini kamar yunwar cikinsu, ba wanda ke tambayarsu. Baba yanzu idonsa ya yi rauni, ba ya iya ganin cikin zare sai na gaya masa abin da na gani, amma duk ranar Asabar mata huɗu ko biyar daga layinmu nake kai masa da yankakken ƙyallensu a leda, ya shafa, ya shinshina, ya tambayi nawa aka auna da minti nawa aka bari, ya faɗa wa kowacce inda ta kuskure. Yarinyar nan mai koren yadi ma ta ce za ta zo wannan Asabar ɗin. Malam Edita, in za ka turo wakilinka ya zauna da irin su Baba ya rubuta abin da ke kansu, zan yi masa jagora har ƙofar gida. Bayan sallar la'asar ya fi samun ƙarfin magana.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka, amin.

Taku mai karatu a kullum,
Wata mai rini,
Unguwar Sanusi, Kaduna.